Sharhi a kan babi na 7 na littafin Hawking: daga ina ƙwayoyin baƙin rami suke fitowa?

Gabatarwa

Littafin Stephen Hawking na 1988, wanda ya fito da faransanci a 1989 da sunan Une brève histoire du temps, shi ne inda ɗalibai da dama suke fara jin cewa baƙin rami yana fitar da haske. Manufar wanga sharhi ita ce a nuna cewa hoton da babi na 7 ya bayar yana da sauƙin riƙewa, amma ya ɓoye ainihin dalilin. Ɗalibin da ya tsaya a kansa zai sha wuya ranar da ya gamu da lissafin.

1. Abin da babin ya ce

A cewar babin, sarari wofi ba ya rasa motsi: tagwayen ƙwayoyi suna ɓullowa su ɓace nan take. A bakin iyakar ramin, ɗaya ta faɗa ciki da makamashi na ragi, ɗaya ta tsere, nauyin ramin ya ragu.

2. Inda ya gaza

Na farko, tsawon igiyar hasken da ke fita ya zarce faɗin ramin kansa. Ke nan ba za a iya nuna wani ɗan wuri a bakin iyaka a ce nan aka haifi ƙwayar ba.

Na biyu, lissafin da Hawking ya buga a 1974 da 1975 bai dogara ga tagwaye ba. Ya kwatanta fagen kwantik kafin tauraro ya rufta da bayan ruftawarsa. Igiyar da ta fara da kaɗawa iri guda, mai alamar ƙari, takan fito gauraye da ta ragi. Canjin Bogoliubov ne ke auna wannan gauraye, kuma shi ke ba da yawan ƙwayoyin. Halin da aka kira wofi da farko, mai kallo na nesa zai same shi cike da zafi daga baya. Hawking da kansa ya gargaɗi masu karatu a maƙalarsa ta 1975 cewa hoton tagwaye misali ne kawai. Babin bai ba wannan gargaɗi matsayin da ya dace ba.

3. Lanƙwasa kaɗai ba ta isa ba

Tauraron da ke zaune daram yana lanƙwasa sarari-da-lokaci, amma ba ya haifar da ƙwayoyi. Abin da ke haifar da su shi ne sauyin lanƙwasar cikin lokaci, ko samuwar iyaka. Schrödinger ya hango haka a 1939, sannan Leonard Parker ya tabbatar da shi a ƙarshen shekarun 1960 ga duniya mai faɗaɗa. Ko a nan ma Parker ya nuna cewa faɗaɗa irin ta Friedmann ba ta haifar da ƙwayoyin haske. Ta ɗaya gefen, Unruh ya nuna a 1976 cewa mai kallon da gudunsa ke ƙaruwa yana jin zafi ko a sararin da ba shi da wata lanƙwasa. Darasin a fili yake: ƙwaya ta danganta da agogon mai ƙirga ta, fagen ne asali. A kan wannan ne Robert Wald ya gina littafinsa na 1994.

Kammalawa

Zafin baƙin rami mai nauyin rana bai wuce kimanin kashi 60 cikin biliyan na digirin Kelvin ba, alhali hasken da ya cika duniya yana da digiri 2,7. Irin wannan rami yana haɗiye fiye da abin da yake fitarwa, kuma ba a taɓa ganin hasken Hawking a sama ba. Tun da babu awon da zai gyara wa ɗalibi kuskurensa, gyaran ya rataya a wuyan malami. Shawararmu ita ce a karanta babin domin ya buɗe sha'awa, sannan a ajiye tagwayen a buɗe littafin Birrell da Davies na 1982.