Shi Wanga Dabba, Ba Ya Shiga Gona?

A babban hutun da ya wuce na koma gida Geceme da fim ɗin Zarafa a cikin waya. Dare uku ƙannena da yaran maƙwabta suna taruwa bisa tabarma, kai a haɗe, ni kuma ina juya musu faransancin zuwa Hausa har batir ya mutu. Fim ne na zane da aka yi a Faransa a 2012. Wani yaro mai suna Maki ya kuɓuce wa mai fataucin bayi, ya gamu da ƴar raƙumin dawa da uwarta, mugun ya harbe uwar, yaron kuma ya yi alkawari ba zai rabu da marainiyar ba. Ya bi ta ta hamada da teku har birnin Paris. Labarin yana da tushe: da gaske mai mulkin Masar, Muhammad Ali, ya aika wa sarkin Faransa kyautar raƙumin dawa, ta sauka Marseille a 1826, ta taka da ƙafa ta isa Paris a 1827.

Yara sun ji daɗi, nima na ji. Kuma zan yaba wa masu fim ɗin abu guda: ba su yi wa yara ƙarya a ƙarshe ba. Maki bai iya maido da dabbar gida ba, can ta tsaya a cikin keji, shi ya dawo ba tare da ita ba. Ba kowane mai ba yara labari ke da ƙarfin zuciyar barin jaruminsa ya kasa cika alkawari ba.

Amma a dare na biyu, autanmu, wanda bai wuce shekara tara ba, ya taɓa ni ya ce, "Yaya, shi wanga dabba mi yake ci?" Na ce ganyen itace. Ya ce, "Ba ya shiga gona?" Na ce masa ya yi shiru ya kalla. Tun ranar tambayar ba ta bar ni ba, don na san amsarta, fim ɗin ne bai sani ba. Daga farkonsa har ƙarshe ba mai noma, ba rumbu, ba wanda dabbar ta yi wa ɓarna. Duk haɗarin da ke kanta ya fito daga hannun mugu ɗaya mai bindiga. Kawar da shi, an gama.

To ai mu ba sai an kai mu Sudan ko Paris ba. Duk wanda ya taɓa shiga mota daga Doso zuwa Yamai ya ratsa ta Kure, kimanin kilomita 60 kafin babban birni, kuma in ya yi sa'a ya ga dogayen wuyan nan sun ɗara itatuwa. Su ne ragowar raƙuman dawa na Afirka ta Yamma gaba ɗaya. A 1996 da aka ƙidaya su 49 kaɗai suka saura. Aka hana taɓa su, aka sa ido, suka hayayyafa har suka haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai gandun Gadabeji a jihar Maraɗi. Wannan labari ne mai daɗi, kuma namu ne. Sai dai waɗannan dabbobi ba cikin shinge suke ba, cikin mutane suke. Da damina suna kan tudun Kure, da rani su gangaro Dallol Boso wajajen Harikanasu su bi gawo. A tsakani kuwa suna cin waken mutane, suna miƙa wuya cikin garka su tsinke mangwaro. Ina da aboki a jami'a ɗan wannan yanki. Ya ce mahaifinsa in ya tashi da safe ya ga sawu a cikin wake, ba abin da yake iya yi illa ya riƙe baki. Ba ya iya jifa, ba ya iya kai ƙara wajen mai gari kamar yadda za a yi in shanun makiyayi ne, don raƙumin dawa ba shi da ubangida da za a ci tara. Akwai ƙungiyoyi irin su ASGN da ke taimaka wa ƙauyukan da rijiyoyi da ƙananan rance, amma rijiya ta gari ce, wake kuwa na mutum ɗaya ne, wanda ya lissafa shi cikin kuɗin kaye da bik na ƴaƴansa. Daɗin daɗawa, ɗan abin da baƙi masu zuwa kallo ke kawowa ya yanke tun harin 9 ga Agusta 2020, da aka kashe mutum takwas a Kure, Faransawa shida da ƴan Nijar biyu, direba da mai rakiya.

Wannan dattijon da ke kallon sawu ya yi shiru, shi ne ya kiyaye raƙumin dawa. Ban taɓa ganinsa cikin littafin yara ba.

Kada wani ya ce to mu koma ga namu na gargajiya, can ne gaskiya take. Na so in ce haka, amma da na zauna na tuna tatsuniyoyin da kaka ta ba mu sai na ga ba haka abin yake ba. Ku tuna Auta. Yadda aka ba mu shi a gidanmu, ƙadangaren da ya taimake su ya kashe, tsuntsun da ya ɗauke su ya cece su shi ma bai tsira daga hannunsa ba, kuma bai zama gwarzo ba sai da ya kashe Dodo. Bayajida ma da kisan macijin rijiyar Kusugu ya samu Daurama. A wajenmu yaro yana zama namiji ranar da ya shigo gari da abu a saɓe. Ba laifin kakanni ba ne: a zamaninsu daji ya fi gari ƙarfi, kura tana ɗaukar akuya a bakin danga. Yau fa? Ku tambayi tsofaffin Geceme ko Tibiri rabonsu da jin kukan kura. Mu da muka tashi yanzu farautarmu ba ta wuce zomo da kurege da ɗan tsuntsun da danƙo ya samu. Labarin bai canza ba, dajin ne ya ƙare a ƙarƙashinsa. Abin da zan ce tatsuniya ta fi fim ɗin Turawa da shi kawai, ita ta san dabba tana da haƙori. Ba ta maida ta ƴar tsana ba.

Labarin da na ga ya riƙe bakin zaren duka biyu daga Kenya ya fito, kuma ba ƙage ba ne. Richard Turere ɗan Masai ne da ke kiwon shanun babansa a gefen gandun dajin Nairobi, inda zakuna ke fitowa da dare su faɗa garke. Da ya yi jawabi a taron TED a 2013, yana ɗan shekara 13, bai ɓoye ba cewa ya tashi yana ƙin zaki. Nan ne labarin ya kama ni. Yaro ne da ya tashi da safe ya tarar da bijimin gidansu a kwance. Ya gwada hura wuta, ba ta yi ba. Ya kafa mutum-mutumi, zakuna suka gane shi a dare na biyu. Sai ya lura in yana zagaya garke da tocila ba su matsowa, don suna tsoron haske mai motsi. Ya samo tsohon batirin mota, da ɗan akwatin da ke sa siginar babur ƙyaftawa, da ƙwayayen fitila, da faifan sola, ya jera su a shinge suna kunnuwa bi da bi. Shanu suka tsira, zakunan ma suka tsira daga mashi da guba. An maida labarin littafin yara mai hotuna, Lion Lights. Yaron nan ba son zaki ya tashe shi ba, son shanun babansa ne. Duk yaron da ya taɓa wuni a gona yana korar tsuntsaye daga hatsi har muryarsa ta dishe zai gane shi ba sai an yi masa bayani ba.

Haka William Kamkwamba na Malawi, wanda yunwar 2001 zuwa 2002 ta fitar da shi daga makaranta, ya je ya haɗa injin iska da tarkacen keke. Kowa injin yake tunawa. Ni abin da ya tsaya mini a cikin littafinsa na 2009 shi ne karensa Khamba, wanda yunwa ta rame har ya kai shi daji ya ɗaure a gindin itace ya baro shi. Mu da iyayenmu suka ba mu labarin 1984, wasunmu kuma suka ga 2005 da 2010 da idonsu, muka san anza da kwanakin da take yi a ruwa kafin ɗacinta ya fita, mun san wannan shafi gaskiya ne. Son dabba yana da iyaka, iyakar kuwa ciki ne.

Duk da haka ina da ƙorafi a kan su biyun, ko in ce a kan yadda ake sayar mana da su. Kullum ƙarshen ɗaya ne: baƙi su gano yaron, a ba shi gurbin karatu a babbar makaranta, ya hau jirgi. Madalla da su, sun cancanta. Amma yaron lakwal a Geceme in ya rufe littafin me ya koya? Cewa cin nasara a kan wahala shi ne wani ya zo ya ɗauke ka daga cikinta. Sauran yara ɗarin da suka rage a ƙauyen fa, su ba jarumai ba ne?

Yanzu bari in juyo kanmu, ƴan uwa, don ba don Faransawa na rubuta wannan ba. Na karanta gajerun labaran da muke kawowa zama duk lokacin da aka ce a rubuta a kan muhalli, har da nawa. Kusan dukansu tafiyarsu ɗaya. Akwai yaro mai hankali, ɗan lakwal, mushe ya koya masa amfanin namun daji. Akwai maharbi ko mai saran ice, jahili, mugu, sau da yawa har da jajayen idanu. Yaro ya gudu ya kira ma'aikatan gandun daji, a kama mugu, a tafa wa yaro. Wallahi wani lokacin kamar takardar neman kuɗin proje nake karantawa. Mun manta cewa maharbin nan kawun yaron ne, kuma da dare a akushi ɗaya za su ci tuwo. Mai saran icen innarsa ce, icen kuma shi ya dafa tuwon. In yaron ya kai ƙararta aka ci ta tara, wace akuya za a sayar? Nan labarin yake, daidai wurin da muke ajiye bik.

Alhali kayan aiki ga su nan zube. A jihar Maraɗi, tun shekarun 1980, manoma suka soma barin tohon kututture a gona suna gyara shi maimakon sassabe shi, har gawo da sabara da kalgo suka dawo a gonaki masu ɗimbin yawa. A ce yarinya ce babanta ya tafi cin rani, ta tsaya tana tsaron tohon gonarsu daga masu zuwa sara da dare, kuma ɗaya daga cikinsu wanda take gaisarwa ne kowace safiya. Ba zaki, ba jirgi, ba Bature. Na gwada ba autanmu wannan a dare na huɗu, da baki, tunda waya ba caji. Bai yi barci ba. Da na kai inda ta gane muryar mai saran, sai ya tashi zaune ya ce, "To ta faɗa wa wa?" Na ce ban kai nan ba tukuna. Ya ce in ta faɗa wa mai gari shi ba ruwansa da ita, in kuma ta yi shiru itacen ya tafi. Ya kwanta yana juya danƙonsa a hannu, can ya ce gobe in ƙarasa masa.