Iya zane kaɗai ba ya riƙe ofis

A 'yan shekarun nan tarurrukan ƙara wa juna sani na masu zanen gine-gine sun sauya fuska. A da in an taru, zancen sabuwar manhajar zane ake yi, ko wani salon rufi da ya shigo. Yanzu kuwa sai ka ga sanarwa tana cewa za a koyar da yadda ake yanka kuɗin aiki, yadda ake rubuta yarjejeniya, yadda ake tarbar kwastoma, da yadda ake tafiyar da ofis ba tare da albashi ya gagara ba. Wasu tsofaffin hannu na yi wa abin kallon raini, wai an mayar da fasaha kasuwar bukata. Ni a ganina an ma makara. Sai dai ina da ja game da abin da ake cusawa cikin wasu kwasa-kwasan.

Koyar da zanen gini a Najeriya ba jiya aka fara ba. Sashen da ke Jami'ar Ahmadu Bello ya samo asali ne daga kwalejin da ta fara darasin a Ibadan a 1952, aka dawo da shi Zariya a 1955. Ƙungiyar masu sana'ar, NIA, ta kafu a 1960, hukumar rajistarsu, ARCON, ta biyo baya a 1969. Ɗalibi kan shafe shekara huɗu a digirin farko, ya ƙara biyu a na biyu, yana kwana a sutudiyo, yana kare zanensa a gaban malamai. Duk tsawon wannan lokaci, wanda yake zana wa gidan ba mutum ba ne, suna ne a takarda. Ba ya canza ra'ayi, kuɗinsa ba sa yankewa, ba shi da ƙanin da ya taɓa gina gida don haka ya fi kowa sani. Gaskiya ne akwai darasin ka'idojin aiki, akwai kuma jarrabawar ƙwarewa kafin a yi wa mutum rajista, amma yawanci haddace su ake yi a haye, a manta.

To, ga yaronmu ya fito, ya kama ɗan shago, ya kafa allo. Alhaji ya shigo da takardar fuloti a hannu ɗaya, waya a ɗaya hannun, da hoton wani gida na Dubai. Ya ce irin wannan yake so. Ya tambaya: "Nawa ne aikin naka?" Nan ake fara faɗuwa. Tarbiyyarmu ta hana yaro ya dubi sa'an mahaifinsa ya yanka masa farashi, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Haba Alhaji, ai duk abin da ka bayar." Kunya ado ce a gida, amma a nan ita ce tushen rigimar wata shida mai zuwa. Alhaji ya ɗauka kafin alƙalamin da ya bayar ya haɗa har da zuwa duba aiki kullum, shi kuwa mai zane ya ɗauka kuɗin fulan ne kawai. Babu wanda ya yi ƙarya, babu kuma wanda ya rubuta komai. Ƙarshenta a raba gari, birkila ya karɓi ragamar, a yi dakin yadda ya ga dama.

Irin wannan ne ya sa nake goyon bayan a koyar da abubuwan da ake ganin ba su da armashi: raba aiki mataki-mataki da kuɗin kowane mataki, rubuta duk canjin da mai gida ya nema tare da abin da zai ci, yi wa ofis rajista a CAC, raba asusun ofis da aljihun gida, sanin cewa harajin VAT ya koma kashi 7.5 cikin ɗari tun 2020. Wanda ya ba da ƙiyasi a ƙarshen 2023 bai rubuta ranar da ƙiyasin zai daina aiki ba, ya ji a jikinsa a farkon 2024, lokacin da buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama. Mai gida ba zai zargi kasuwa ba, wanda ya ba shi lissafi zai zarga.

Amma lissafi shi ne ɓangare mai sauƙi. Mai wuyar shi ne sauraro, kuma a nan nake so masu shirya horon su daɗe. Wane ne ma kwastoman? Alhaji ne ya biya, amma Hajiya ce za ta wuni a gidan. Ita ta san inda hayaƙin girki zai bi, inda za a yi shanya, inda yara za su yi wasa tana ganinsu, da ko baƙon da ya zauna a falo zai hango tsakar gida. Sau da yawa mai zane bai taɓa jin muryarta ba har aka sa kwano. Akwai tambayoyin da babu littafin Ingila ko Amurka da zai koya maka yadda ake yinsu cikin ladabi: ko maigida na da niyyar ƙara aure, domin in haka ne dole ɗakuna su zo daidai wa daida, ko Inna za ta dawo gidan da zama, domin kada a kai ta bene, ko gidan za a gina shi ne a shekara ɗaya ko a shekara bakwai, ɗaki biyu yau, saura in an sayar da amfanin gona. Mafi yawan gidajenmu a hankali ake gina su, amma ɗalibai na koyon zana gidan da ake gamawa rana ɗaya.

Magabata ba su raba koyon gini da koyon mutane ba. Ɗan magini yana bin mahaifinsa wurin aiki tun yana miƙa tubali, kunnensa na jin yadda ake ciniki, yadda ake ba mai gida haƙuri, yadda ake kai ƙara wurin Sarkin Magina in an saɓa. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, sarakuna ya yi wa aiki, kuma duk wanda ya san fada ya san cewa iya ɗaure bakan gizo kaɗai ba zai zaunar da mutum lafiya a can ba.

Wanda yake ganin baiwa ta isa, ya dubi Hassan Fathy na Masar. A shekarun 1940 gwamnati ta ba shi aikin gina sabon ƙauyen Gurna kusa da Luksor, ya yi gine-ginen ƙasa da har yau ake karantar da su a jami'o'i. Mutanen da aka gina dominsu kuwa yawancinsu suka ƙi tashi, saboda abincinsu na ɗaure da tsohon mazauninsu, aikin ya tsaya ba a kammala ba. Gwamnati ce ta biya, amma ba ita za ta kwana a ciki ba. A Dandaji ta Jamhuriyar Nijar kuwa, masu zanen gini Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun zauna da mutanen gari, maza da mata, aka bar tsohon masallaci a tsaye aka mayar da shi ɗakin karatu, aka gina sabo a gefensa da bulon ƙasa da magina na yankin, aka gama a 2018.

Inda nake ja shi ne nan. Wasu kwasa-kwasan da ake tallatawa an kwafo su ne ɗungurungum daga darussan 'yan talla: yadda za ka ƙawata shafinka na Instagram, yadda za ka sa kwastoma ya ji shi sarki ne, kada ka taɓa ce masa a'a. Wannan ya dace da mai sayar da turare. Mai zanen gini kuwa wani lokaci babbar hidimar da zai yi wa mai gida ita ce ya ƙi. Ya ce ba za a ƙara hawa a kan wannan fandisho ba sai injiniya ya duba, ba za a rage rodi ba, ba za a toshe magudanar ruwan unguwa don faɗaɗa shago ba, ba za a fara tono ba sai hukumar tsara birni ta sa hannu. Benen nan mai hawa 21 da ya rufta a Ikoyi ta Legas ranar 1 ga Nuwamba 2021 ya hallaka fiye da mutum 40, kuma daga baya aka ga takardar da kamfanin injiniyoyin farko ya rubuta tun a 2020 yana janye hannunsa daga aikin. Faɗin a'a ga mai kuɗi, a rubuce, alhali kana da hayar ofis a wuya, abu ne da ake koya. Kuma ofishin da lissafinsa ke tsaye shi ne ke iya faɗinta, don mai jin yunwa da wuya ya ƙi.

Saboda haka roƙona ga jami'o'i da NIA da ARCON: kada a bar wannan ilimi sai a ɗakin taron otal, ga wanda ke da kuɗin tikiti. A shigar da shi sutudiyo tun aji biyu. A haɗa ɗalibi da iyali na gaske a Samaru ko Fagge, ya je ya yi sallama, ya zauna a zaure, ya nemi izinin jin ta bakin matan gida, ya dawo da zane da ƙiyasi da takardar yarjejeniya da Hausa wadda mai gidan zai iya karantawa. A ba shi maki a kan waɗannan kamar yadda ake ba shi a kan kyan zane.