Soyayyar Maki da Lissafi: Nazari a Kan Anime na 'Yan Sakandare da Wasannin Soyayya na Japan

Duk mai kallon zane mai motsi na ƙasar Japan, wato anime, musamman ɓangaren soyayya da barkwanci, ya san fagen da aka saba: makarantar sakandare, saurayi mai kunya wanda ba ya iya haɗa ido da mace, da 'yan mata huɗu ko biyar kewaye da shi, kowacce da halinta. Akwai ƙawar yarinta, akwai mai tsiwa wadda ke ɓoye so a bayan faɗa, akwai shiru-shiru mai zaman ɗakin karatu. Salon ya girma ne a littattafan zane da ake kira manga, irin su Urusei Yatsura na Rumiko Takahashi da ya fara fita a 1978, da Kimagure Orange Road na Izumi Matsumoto a 1984. Amma daga shekarun 1990 wani abu ya shigo ya sauya masa ƙira, wato wasannin soyayya na kwamfuta. Wasannin nan sun koya wa anime kallon so a matsayin lissafi mai amsa guda, kuma a ganina ayyukan da suka fi daraja a wannan fanni su ne waɗanda suka ɗauki lissafin suka nuna inda ya gaza.

Zaɓen sakandare yana da dalili. A Japan shekarar karatu tana farawa a Afrilu, lokacin da itatuwan sakura ke fure, ana yaye ɗalibai a Maris, kuma babbar sakandare shekara 3 ce. A tsakani akwai hutun zafi, da bikin al'adu na makaranta, da ranar 14 ga Fabrairu da 'yan mata ke ba samari cakulan, da 14 ga Maris da samari ke ramawa. Ga kuma al'adar da suke kira kokuhaku, inda sai ɗaya ya fito fili ya furta cewa yana so kafin a ɗauka an fara soyayya. Mai tsara wasa ya tarar da komai a shirye: ranar farawa, ranar ƙarewa, zango-zango a hanya, da kalma ɗaya da za ta zama nasara.

Wasan da ya kafa wannan tsari shi ne Tokimeki Memorial, wanda kamfanin Konami ya fitar a 1994 a kan na'urar PC Engine. Mai wasa ɗalibi ne a makarantar Kirameki. Kowane mako zai zaɓi abin da zai sa gaba, karatu ko motsa jiki ko gyaran ado ko hutu, kuma kowane zaɓi yana ɗaga wani maki ya sauke wani. Ranar hutu zai buga wa yarinya waya ya nemi su fita. In sun fita ta yi magana, sai amsoshi su bayyana a fuskar na'ura, ya zaɓi ɗaya. In ya dace makin sonsa ya hau, in ya kuskure ya sauka. Yarinyar da ya yi watsi da ita kuwa, alamar bam ce ke fitowa a gefen sunanta, in ya fashe sai ta ɓata shi a wurin sauran. Mafi wuyar samu ita ce Shiori Fujisaki, maƙwabciyarsa tun yarinta, wadda ba ta sauraronsa sai ya yi fice a kusan komai. A ranar yaye ɗalibai, wadda ya ci nasara a kanta za ta kira shi gindin wata bishiya ta furta masa so. A shekarar ce kuma kamfanin Koei ya fitar da Angelique, wanda tawagar mata ta tsara domin mata, don haka tun farko kasuwar ba ta maza kaɗai ba ce.

Dole a yi wa wannan tsari adalci. Yana nuna wa yaro cewa sai ya gina kansa kafin a dube shi, kuma wulaƙanta mutane yana da sakamako. Illarsa tana wuri biyu. Na farko, amsar da ke kawo maki ita ce wadda yarinyar ke son ji, ko da ba ita ce gaskiyar zuciyar mai wasa ba, sai iya daɗin baki ya zama shi ne gwaninta. Na biyu, ana iya adana wasa a koma baya. In ka ɓata mata rai, ka sake lodawa, ɓacin ran ya shafe kamar ba a yi ba. In ka gama da wannan, ka dawo Afrilun farko ka bi hanyar waccan.

Da aka fara mayar da irin waɗannan wasanni anime, sai matsala ta taso, domin labarin talabijin hanya ɗaya yake bi. Amagami SS na 2010 ya zaɓi ya bi wasan sau da ƙafa: manyan 'yan mata 6, kowacce da kashi 4, ana gama labarin ɗaya sai a mayar da lokaci baya jarumin, Junichi, ya fara da wata. Kowacce ta samu rabonta, babu wadda ta yi kuka saboda an zaɓi wata, kuma wannan ne ya rage wa zaɓin nauyi. School Days na 2007 ya bi akasin haka da tsanani: jarumin, Makoto, ya yi ta yawo da hankalin 'yan mata a rayuwa guda wadda ba a sake lodawa, har ɗayarsu ta kashe shi. Clannad, wanda kamfanin Kyoto Animation ya yi daga 2007 zuwa 2009, ya wuce sakandare ya shiga aure da neman abinci da mutuwar Nagisa, matar jarumin, wajen haihuwa, ya sa masu kallo kuka na gaske, sannan a ƙarshe ya dawo da ita ta wata mu'ujiza da ta samo asali daga tsarin wasan. Ko shi bai iya rabuwa da komawa baya ba.

Aikin da ya fi kowanne fuskantar wannan batu kai tsaye shi ne Kami nomi zo Shiru Sekai na Tamiki Wakaki, wanda ya fita a mujallar Shonen Sunday daga 2008 zuwa 2014, aka fara anime ɗinsa a 2010. Keima Katsuragi ɗalibi ne da babu yarinyar wasa da ta taɓa gagararsa, amma ya raina 'yan matan zahiri, yana ganin duniyar gaske wasa ce da ba a tsara da kyau ba. Wata aljana mai suna Elsie ta ɗaure shi da yarjejeniya: sai ya riƙa sace zukatan 'yan mata na gaske domin korar wasu miyagun ruhohi da ke ɓuya a ciki, in ya ƙi, a cire masa kai. Barkwancin yana nan: yana rarraba 'yan ajinsu gida-gida kamar 'yan matan wasa, yana hasashen ƙarshen labari tun kafin a fara, kuma dabarar tana ci. Da zarar ya yi nasara sai yarinyar ta manta komai, wato an ba shi sake lodawa a rayuwar gaske.

Sai aka zo kan Chihiro Kosaka. Ba ta da wata baiwa, ba ta faɗa kowane gida a lissafinsa ba, shi da kansa ya ɗauke ta 'yar cika fage. A zango na uku da aka nuna a 2013, Keima ya gano cewa son da take yi masa nata ne, ba ragowar wata dabara tasa ba. Domin ya cim ma aikinsa, ya dube ta a saman benen makaranta, daren jajiberin biki, ya gaya mata magana mai zafi ya kore ta. Wannan karon babu mantuwa. Ta hau dandamali da jita ta yi waƙa da ƙawayenta, shi kuma gwanin lissafi yana can gefe yana zubar da hawaye. A ƙarshen manga, ita ya zaɓa. Wakaki ya ɗauki shekara 6 yana gina tsarin maki domin ya nuna cewa so gamon jini ne, kuma wanda aka cuta ba ya shafewa.

Wasu ayyukan da ba daga wasa suka fito ba sun kai ga wannan gaskiya ta wata hanya. A Toradora! na 2008, Ryuji da Taiga sun haɗa kai domin kowa ya taimaki ɗan'uwansa samun wanda yake so, sai suka ƙare da son juna, ƙawarsu Minori kuma ta haɗiye nata son ta ja da baya. A Kaguya-sama, wanda anime ɗinsa ya fara a 2019, haziƙai biyu suna kitsa wa juna tarko domin kowa na ganin wanda ya fara furta so shi ne ya faɗi, kuma kusan kullum shirin rushewa yake yi. Dariyar da ake yi a nan dariyar gazawar lissafi ce.

Ba ƙaramin tasiri tsarin wasannin soyayya yake da shi ba. A 2009 Konami ta fitar da Love Plus, wanda ke ci gaba bayan furta so yana bin agogon gaske, kuma kafin shekarar ta ƙare wani matashi a Japan ya yi bikin aure da ɗaya daga 'yan matan wasan. Abin da ke jan mutum zuwa can a fili yake: budurwar da ba ta da ranta, ba ta da dangi, ba ta cewa a'a har abada.

Saboda haka ga matasanmu da ke kallon waɗannan labarai a waya, ma'aunin da nake ba da shawara mai sauƙi ne. Ku duba ko yarinyar da ke cikin labarin tana da ikon ƙi, kuma ko zaɓin jarumin ya jawo masa asarar da ba ta gyaruwa. Labarin da ya cika waɗannan biyu ya cancanci lokacinku. Wanda ya mayar da mace kyautar da ake ci da maki, ku kalle shi da sanin cewa bai faɗi gaskiya a kan mata ba, bai kuma faɗi gaskiya a kan so ba.