Hunturun Littafi da Hunturun Fadama: Sharhi a kan Rubuce-rubucen Aikin Lambu

Manufar wannan ɗan sharhi ita ce duba wata matsala da ke tattare da rubuce-rubucen aikin lambu waɗanda ake juyowa zuwa Hausa daga littattafan ƙasashen sanyi, musamman yanzu da na'ura ke yi wa jama'a fassara a intanet.

Littafin lambu na Ingila ko arewacin Amurka an gina shi ne a kan tsoron sanyi. Marubucinsa yakan fara lissafi daga ranar da raɓa za ta daina daskarewa, yakan rene iri a ɗaki ko a rumfar gilashi, daga Disamba zuwa Fabrairu kuwa lambunsa hutawa yake yi. Mai fassara sai ya kira wannan lokaci hunturu, wanda ke biye da shi kuma bazara. Ƙamus ya ba shi gaskiya. Fadama ce ba ta ba shi ba.

A ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan, hunturu shi ne ganiyar aikin mai lambu. Da ruwa ya ɗauke wajen Oktoba, hankali ya koma ga dashen tumatir da attaruhu da albasa. Sanyin dare shi ke sa furen tumatir ya kama, busasshiyar iska kuma ta rage cututtukan ganye. Bazara kuwa, wato zafin Maris zuwa Mayu, ita ce abar tsoro: fure ya kakkaɓe, rijiya ta ja baya, kwandon tumatir ya yi tsada. Saboda haka jimlar da ta ce a jira bazara kafin a yi dashe ba ta da aibi ta fuskar nahawu, amma wanda ya bi ta a Hunƙuyi ya yi asarar shekara. A ganina wannan ya fi kuskuren nahawu muni, domin mai karatu ba shi da wata alama da za ta sa ya yi shakka.

Haka nan ita kanta kalmar lambu. Abin da Bature ke nufi fili ne a jikin gidansa, galibi don sha'awa. Lambun Bahaushe na ban ruwa ne, kuma kasuwa yake kallo. Abin da ya yi kusa da na Bature shi ne garka, ko 'yar shukar bayan gida ta zogale da rama da kuɓewa, wadda yawanci damina ke raya ta.

Ba rashin kalmomi ne ya jawo wannan ba. Tun 1916 Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa, ƙamusun Bargery ya fito a 1934, ga kuma fangali da jigo a bakin dattawan manoma. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, wadda asalinta ya koma 1922, tana nan kusa, kuma a kan yanayin ƙasar nan take bincikenta. Kasala ce kawai ta mai fassarar da bai taka fadama ba.

Su manoman ba su jira kowa ba. A 2016, lokacin da wata tsutsa mai huda ganye ta cinye gonakin tumatir har gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kanta, masana suna kiranta Tuta absoluta, masu lambu kuwa suka raɗa mata sharon, kuma da wannan suna suke tambayar maganinta a kasuwa.