Masu karatun abin da ke cikin saiwar wake

Manomin Zango ba sai an gaya masa ba, ya san gonar da aka yi wake ko gyaɗa bara geronta ya fi kyau bana. Ya kuma san dalilin da ake barin gawo a tsakiyar gona. Sai dai masu yin aikin ido ba ya ganinsu.

Tuge wake mai wata ɗaya da rabi, ka karkaɗe yashin. Za ka ga 'yan ƙululai manne a saiwar kamar ƙwayar dawa. Fasa ɗaya da farce. In cikinsa ja-ja ne, bakteriyar da ke zaune ciki tana aiki: tana kamo naitirojin, wanda shi ne kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa, tana mayar da shi abincin shuka. In fari ne ko kore, zaman banza take yi.

Wannan aikin ne masana'antar takin Ɗangote da aka buɗe a Legas a 2022 take yi, amma sai da iskar gas da zafin da ya kai digiri 400 ko fiye. Ita kuwa bakteriya, ɗan sukarin da shukar ke ba ta ya ishe ta.

Gwanintar da ke burge ni ita ce ta masu bambance mai himma da malalaciya a cikinsu, domin a madubin bincike duk kamarsu ɗaya. Mai bincike zai wanke ƙululun, ya murƙushe shi, ya raini abin da ya fito a faranti har ya tabbatar iri ɗaya ne ba gauraye. Sannan ya tatso DNA ɗinta, na'ura ta karanto masa jerin haruffa huɗu, A da C da G da T, miliyoyi a jere babu tazara. Cikin wannan tulin zai nemo sashen da bakteriyar ke yi wa saiwa sallama da shi har a buɗe mata, da sashen da ke ƙera sinadarin kama naitirojin. Aiki ne na haƙuri, kuma karatun kaɗai ba ya yanke hukunci. Dole a gwada ta a tukunya, a gwada a gona.

A 2002 masanan cibiyar Kazusa ta Japan suka karance wani irin bakteriya mai suna USDA 110, haruffa sama da miliyan 9. Shi ne cibiyar IITA ta Ibadan ke zubawa cikin NoduMax, garin da ake cuɗa irin waken suya da shi, da ɗan ruwan ƙaro don ya manne, a shanya a inuwa, a shuka a ranar.

Wakenmu na gida kuwa da bakteriyar ƙasarmu yake hulɗa, wadda ta saba da jigawa da zafin bazarar Daura. Ita nake so in ga ɗalibanmu na jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua sun tono daga gonakin Zango sun karance.