Daga Cape Coast zuwa Elmina da ƙafa: hanyar da ta sace min zuciya

Duk mai son gudun safe, idan Allah ya kai shi Gana, kada ya yarda ya ƙare zamansa a Akra. Ya jefa takalmansa a jaka, ya shiga mota ya yi yamma, tafiyar kamar awa uku, ya sauka a Cape Coast. Ban taɓa taka hanyar da ta shiga raina kamar wadda ta tashi daga wannan gari ta bi gaɓar teku har Elmina ba, kuma da babbar murya nake faɗa. Tsawonta bai wuce kilomita 13 ba, kusan duk shimfiɗaɗɗiya ce, teku na hagunka tun daga farko har ƙarshe, yana ruri, yana feso maka iska mai gishiri.

A fita da wuri, wannan shi ne sirrin. Rana a can tana fitowa wajen ƙarfe shida kusan duk shekara, kuma da ta ɗaga kaɗan zufa za ta jiƙa ka sharkaf, don iskar bakin teku tana da laima. Mafi daɗi shi ne ka yi sallar Asuba a masallacin Kotokuraba, inda 'yan Zango suke, ka gaisa da jama'a da Hausa, ka ɗaure takalmi ka gangaro. Za ka wuce gunkin ƙaguwar nan da ke tsakiyar gari, alamar Oguaa, sunan da Fanti suke kiran garinsu da shi. Kafin numfashinka ya daidaita, sai ga farin ginin gidan bayi a gabanka, igwoyinsa suna kallon ruwa.

A nan kam ƙafa takan rage sauri da kanta. Mutanen Suwidin ne suka fara kafa sansani a wurin a 1653, Turawan Ingila suka ƙwace shi a 1664, garin kuma ya zama hedikwatarsu har 1877, lokacin da suka koma Akra. A ƙarƙashin ginin akwai ɗakuna masu duhu inda aka cunkushe mutane kafin a fitar da su ta wata ƙofa zuwa jiragen ruwa, ba su sake ganin gida ba. Cikinsu har da waɗanda aka koro daga arewa mai nisa, ta kasuwanni irin Salaga, garin da fatakenmu na goro suka sani sarai. Ba na iya wucewa ta gindin wannan katanga ban yi musu addu'a ba. A ƙasan katangar kuwa, masunta ne ke ta kai da kawowa, suna gyaran koma, suna tura kwale-kwale masu fenti kala-kala da tutoci.

Daga nan sai ka bi ta gefen filin Victoria Park ka nufi unguwar Bakaano, inda tafkin Fosu ya kusa haɗuwa da teku. Wayyo, wannan yanki! Tafki a damanka kwance lub, teku a hagunka yana ta hauka, kai kuma kana tsakiya a kan kwalta, rana ta fito ta bayanka ta miƙa inuwarka gaba. Sai bishiyoyin kwakwa su fara, dogaye, sun karkata, jere bayan jere, kamar 'yan rakiyar amarya. Nan ne gudu yake zama abin marmari. Ƙafa ta sami kiɗanta, ƙirji ya buɗe, ka manta da agogon da ke hannunka.

Abin da ya fi burge ni a wannan gaɓa shi ne wurin aiki ce, ba a share ta don baƙi ba. Za ka tarar da maza a kan rairayi, sun yi sahu sun kama igiya, suna jan taru daga cikin teku, suna waƙa suna jingina baya a tare, taku ɗaya bayan ɗaya. Aikin yakan ɗauki sa'o'i. Mata na zaune da manyan kwanoni suna jiran abin da Allah zai kawo. Kai da ka fito motsa jiki don ra'ayin kanka, ka ga mutanen da ƙarfin damtsensu ne abincin gidansu, sai ka ji gajiyarka ta yi sauƙi. Ka ɗaga musu hannu, za su amsa. In ka tsaya ka kama igiyar na ɗan lokaci ma, ba wanda zai kore ka.

Wajen ƙofar Jami'ar Cape Coast, wadda aka kafa a 1962, hanyar takan haɗu da babban titin Akra zuwa Takoradi. A nan a yi hattara, manyan motoci ba sa wasa. Sa'ar da aka yi ita ce a Gana dama ake bi da mota, don haka mai tafiya yamma da yake son ya fuskanci motocin da ke tahowa, gefen teku zai riƙe, wato gefen da ya fi kyau. Ruwan kuma a bar shi da kallo, igiyarsa tana da ƙarfin ja. Bayan gadar Iture, inda kogi ke zubawa cikin teku, sai ka saki babban titi ka karkata hagu.

Daga nan za ka fara hango Elmina. Wani farin gini, shi ma gidan bayi, can a kan tsinin dutse, ruwa ya kusa kewaye shi, yana ƙara girma da kowane taku. Turawan Fotugal suka gina shi a 1482, shekara goma cif kafin Kolumbus ya isa Amurka. Wallahi babu wata alamar ƙarshen tsere da ta kai wannan jan mutum. Ko ƙafa ta yi nauyi, ido zai ja ta.

Shigarka gari sai ƙamshin kifi mai ƙyafewa ya tare ka, ga hayaniya, ga gidajen tsafin ƙungiyoyin gargajiya na Asafo da gumakansu masu launi a bakin titi. Ka hau gadar da ke kan tafkin Benya ka leƙa ƙasa: kwale-kwale maƙil, ƙugu da ƙugu, har ruwan ba ya ganuwa sosai. Ranar Talata masunta ba sa shiga teku, al'ada ce ta tun kaka da kakanni, don haka mai son ganin tafkin a cike ya zo ran nan, mai son ganin jan taru ya zaɓi wata rana.

Amma kada ka ce ka gama. Akwai tudun St. Jago a gefe, gajere ne, sai dai a tsaye yake, kuma bayan kilomita goma sha wani abu cinyoyi za su yi kuka. Hau shi! Kan wannan tudu mutanen Holan suka jawo igwoyinsu a 1637 suka yi ta luguden wuta a kan Fotugal har suka miƙa wuya, daga baya suka gina sansani a kai don kada wani ya yi musu irin abin da suka yi. Da ka kai sama kana haki, za ka gane dabarar da idonka: gidan bayin yana ƙasanka, ga tafki, ga filayen gishiri, ga rufin gidaje, ga gaɓar da ka biyo ta miƙe gabas har inda ka fito. Ban san wani lada na gudu da ya fi wannan ba.

In ka sauko, nemi mai koko. A Gana kokon gero mai citta da yaji sunan Hausawa yake ɗauke da shi, kuma da ƙosai ake sha, kamar a gida. Ka sha ka ƙoshi, ka shiga motar haya ta trotro ko tasi, cikin ɗan lokaci kana Cape Coast.

Wanda bai shirya wa doguwar hanya ba, cikin garin ma ya ishe shi. Cape Coast gari ne mai tuddai, hawa zuwa Fort William, tsohuwar hasumiyar da ke haska wa jiragen ruwa hanya, ko zuwa Fort Victoria, zai gasa ƙafa cikin rabin awa. Titunan cikin jami'a kuma suna da inuwa da natsuwa.

Lokacin da na fi so shi ne daga Yuli zuwa farkon Satumba, bayan ruwan Yuni mai yawa ya lafa, gari ya yi sanyi-sanyi. Talatar farko ta Yuli Elmina ke bikin Bakatue a kan tafkin Benya, Asabar ta farko ta Satumba kuma Cape Coast ke Fetu Afahye, sarakuna a kan kafaɗun jama'a, ganguna ko'ina. Ran biki titi ba ya biyuwa da gudu, don haka ka iso da kwana biyu a hannu, ka yi gudunka tun da sauran fili, sannan ka shiga cikin 'yan kallo.