Asali da Kwafi a Hoton Bango: Daga Edo zuwa Rumbu

1. Gabatarwa

Abin da ya jawo wannan ƴar takarda shi ne wasu hotuna biyu da ke bangon ɗakin gwaggona, a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Rumbu, cikin gundumar Dakwaro. Na farko hoton Alburaƙa ne, irin wanda alhazai da ƴan koli suka daɗe suna shigowa da shi: dabba mai fukafukai da fuskar mace, da kambi a ka, ga masallaci can baya. Na biyu shafi ne da aka yago daga wata tsohuwar kalanda da ɗanta ya kawo daga Yamai, mai ɗauke da zanen igiyar ruwan nan ta Hokusai, wadda Faransawa ke kira La Grande Vague. Gwaggo ba ta taɓa ganin teku ba. Zanen ne kawai ya yi mata kyau, ta sa aka liƙa.

Duka biyun bugun inji ne, mai zane bai taɓa sa musu hannu ba. A ma'aunin da aka koya mana a darasin tarihin fasaha sunansu ɗaya, reproduction, wato abin da manazarci ba ya ɓata lokaci a kansa. A nawa ganin wannan ma'auni bai dace da hoton Japan ɗin ba tun daga tushensa, balle na Rumbu, kuma riƙe shi da muka yi yana sa muna barin gara da hasken rana suna cinye kayan nazari a gabanmu.

2. Matsalar kalma

Ɗalibanmu kan fassara reproduction da jabu ko kwaikwayo ko kwafi, kamar duk abu ɗaya ne. Jabu yana ɗauke da niyyar zamba, kamar a kuɗin jabu. Kwaikwayo yana nufin wani hannu ya bi sawun wani. Kwafi, ko da yake aro ne, ya zauna, sai dai kullum yana nuna cewa akwai wani asali guda a ajiye a wani wuri. Kalmar da ta fi dacewa da abin da muke magana a kai tana nan a bakin masu sayar da littattafai: bugu. Suna cewa bugun Kano, bugun Masar, bugun farko, bugu na biyu, ba tare da wani raini ba.

Misali mafi kusa shi ne Alƙur'anin da Sharif Bala Gabari na Kano ya rubuta da hannunsa, aka ɗauki hoton shafukan aka buga da inji, ya bazu a makarantun allo na ƙasar Hausa. Ba almajirin da ya taɓa kiran nasa jabu don kawai takardar da Sharif ya ɗora wa alƙalami tana wani wuri. Rubutun an yi shi ne domin a buga. Ke nan Bahaushe ya riga ya san nau'in aikin hannu wanda yawaitarsa ita ce manufarsa.

3. Yadda ake bugun katako a Japan

Katsushika Hokusai (1760–1849) yana da kimanin shekara 70 lokacin da igiyar ruwan ta fito, wajen 1831, cikin jerin hotunan dutsen Fuji guda 36 da Nishimuraya Yohachi ya wallafa a birnin Edo, wato Tokiyo ta yau. Aikin na mutum huɗu ne. Mai wallafa shi ke da jari. Mai zane ya zana a kan siririyar takarda. Masassaƙi ya kifa wannan takarda a kan katako mai tauri ya liƙa, sannan ya bi layukan da wuƙa yana fafe duk inda ba zane. A nan ya kamata mai karatu ya tsaya: zanen hannun Hokusai ya salwanta cikin sassaƙar. Asalin da muke nema an lalata shi da gangan domin a sami bugu.

Kowane launi da nasa katako. Mai bugu yakan shafa launin da aka dama da ruwa da ɗan ƙullun shinkafa, ya ɗora takarda, ya murza bayanta da wani ɗan faifai da aka naɗe da ɓawon gora, sunansa baren. An buga dubbai, kowane ɗaya faɗinsa wajen santimita 37, tsayinsa 25, kuma kuɗinsa bai wuce na kwano ɗaya ko biyu na taliya ba. Kayan talakan birni ne, yana liƙawa, in ya tsufa ya yar. Shi ya sa ɗari da ƴan kai ne kawai aka san sun tsira. Ɗaya daga cikinsu aka yi gwanjonsa a Christie's ta New York a watan Maris 2023 a kan dalar Amurka miliyan 2 da dubu 760. A 2024 kuma Japan ta sa zanen a bayan sabuwar takardar kuɗinta ta yen 1000, ya koma aljihun talaka inda ya fito.

Saboda haka mai son saye a yau nau'i uku ne a gabansa. Akwai tsohon bugu daga katakon farko, wanda ba na malamin jami'a ba ne. Ko a cikinsa ma na farko-farko sun fi tsabtar layi, domin katako yana cinyewa. Akwai sabon bugun hannu, inda masassaƙin yau ke sake sassaƙa katako ya bi hanyar da aka bi a da, kamar yadda gidan Adachi na Tokiyo ke yi tun 1928. Sai bugun inji, irin na kalandar gwaggo. Ba ɗaya daga cikinsu da yake jabu sai ranar da mai sayarwa ya kira shi da sunan wani.

Hanyar rarrabewa kuwa matanmu sun fi mu saninta. Mace in za ta sayi atamfa juya ta take yi ta dubi baya: in launi ya kama fuska biyu ta san mai daraja ce, in baya ya yi fari-fari ta san ƴar araha ce. Haka ake yi wa hoton Japan. Bugun hannu launinsa yakan ratsa takardar, har a ga alamar murzar baren a baya. Na inji bayansa fari fat, kuma in aka duba fuskar da gilashin ƙara girma sai a ga launin ɗigo-ɗigo ne jere.

Wani abu da na lura da shi, ko da yake ya ɗan fita daga hanya: Bajapane na zamanin Hokusai daga dama yake fara karatu, kamar mai karatun ajami. Idon ɗan boko yana shiga hoton ta hagu ya biyo bayan igiyar, kamar yana tare da ita. Idon ɗan makarantar allo yana shiga ta dama, tare da jiragen masunta, ya yi kiciɓis da ruwan gaba da gaba. Mai yiwuwa gwaggo ta fi ni ganin abin da aka zana.

4. Kwarjini

Walter Benjamin, a maƙalarsa da ta fara fitowa da Faransanci a 1936, ya yi hasashen cewa yawaita aikin fasaha da inji yana zubar masa da abin da ya kira aura, wanda nake ganin kwarjini ya fi kusa da shi. Maganar ta yi daidai ga zanen da aka yi guda ɗaya tak. Ga hoton bangon ƙasarmu kuwa abin juyawa yake yi: takardar tana fitowa daga inji ba ta da komai, sai ta sami kwarjini daga hannun da ya kawo ta daga Makka, da bangon da ta zauna, da shekarun da ta yi. Hoton Shehu Ibrahim Inyas (1900–1975) a shagon tela a Maraɗi ba ya rage daraja don akwai irinsa a shagon maƙwabci.

Masu mulki sun riga manazarta gane haka. A zamanin William Ponty, gwamnan Afirka ta Yamma ta Faransa daga 1908 zuwa 1915, an sa wa irin waɗannan hotunan addini da ake shigowa da su takunkumi, don tsoron tasirinsu. A Sanagal masu zane suka koma kwafe su a bayan gilashi, sana'ar da yau ake kai wa gidajen tarihi. Haka kuma muhawarar da ta taso a Maraɗi tun shekarun 1980, bayan yaɗuwar wa'azin Izala, a kan halaccin rataye hotunan shehunai. Ba aikin wannan takarda ba ne ta shiga tsakani. Abin lura shi ne mai ratayewa da mai saukewa duka sun yarda cewa abin da ke bango ya wuce takarda.

5. Kulawa

Hoton Alburaƙa na gwaggo ya koma shuɗi-shuɗi, ja da rawaya sun tafi. Dalili shi ne a tawadar inji waɗannan biyun ne haske ke fara ci, shuɗi da baƙi su daɗe. Igiyar ruwan da ke gefensa kamar ba abin da ya same ta, don da ma shuɗiya ce. Amma ita ma sararin samanta ya koɗe. Abin mamaki, haka ya faru ga da yawa daga tsofaffin bugun Edo: shuɗin Barlin da baba da aka yi ruwan da su sun tsaya, launukan sama sun gudu. Gidajen tarihi kan nuna irin waɗannan takardu a haske mara ƙarfi, kimanin luks 50, na ƴan watanni, sannan a mayar da su duhu.

Ɗakin ƙasa na Rumbu, da ƙaramar tagarsa, ya fi falon ma'aikaci na Yamai kusa da wannan sharaɗi. Abokan gabansa daban ne: gara da ke biyo bango, hayaƙin turaren wuta, kashin ƙuda, ƙurar hunturu, da yoyon damina. Maganin ba mai tsada ba ne. A guji bangon da hasken ƙofa ke sauka a kai. A sa kwali mai tsabta a baya, a bar ɗan tazara tsakaninsa da bango. Kada a huda takardar da ƙusa, kada a sa mata salatif, domin danƙonsa yana barin tabon da ba ya fita. Ledar da mata ke rufe hoto da ita tana tare ƙura, amma da damina tana riƙe laima, sai a riƙa buɗewa. Mafi muni shi ne liƙe takarda cikin leda da injin zafi, kamar yadda ake yi wa katin shaida: ba a iya warwarewa. Wanda ya sayi bugun hannu na Japan ya yi masa haka ya mai da shi shafin kalanda.

Ga ɗaliban da ke zuwa bincike yankin Dakwaro ina da roƙo ɗaya. Rubuce-rubucen ajami sun sami mazauni a IRSH a Yamai, kuma kun saba tambayar su. Ku riƙa ɗaga ido ku dubi bango, ku nemi izini ku rubuta ƙananan kalmomin da ke ƙasan hoto, inda akan sa sunan maɗaba'a da garinta, ko Alƙahira ko Bambai ko Kano. Wannan gefen ne almakashi da gara ke fara ci, kuma da shi ne kawai za a iya bin hanyar da hoton ya biyo har ya iso kasuwar Sakabal.

A na gwaggo gefen ya riga ya tafi. Na roƙe ta ta bar ni in mayar da hotunan bangon da rana ba ta kaiwa. Ta ce in ɗauke na ruwan in kai duk inda nake so. Alburaƙa kuwa marigayi mijinta ne ya kafa shi a wurin da hannunsa, shekarar da ya dawo daga hajji, kuma a nan zai zauna.